Yadda gari zai keɓe hurumin tsuntsaye da namun daji a bakin tafkinsa

Wanda ya tashi a fadamar Kabi, tun daga Augie da Argungu har a gangara Bunza da Suru, ya san yadda sama ke cika da fukafukai idan hunturu ya kama. Kirinjijiya na wucewa da dare tana fito, dinya na sauka a gefen shinkafa da asuba, zalɓe na tsaye a ruwa kamar an dasa shi. A tafkuna da dama yanzu abin ya ragu ƙwarai. Injin ban-ruwa ya tsotse ruwan tun kafin bazara, an sare giyayya an yi gawayi, gona ta ci gaba har bakin laka. Na rubuta wannan jagora ne don mutanen garin da har yanzu suke da sauran tafki ko kurmi a fadamarsu, kuma suke son su keɓe wani yanki nasa kafin ya tafi.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ruwan Matan Fada na Argungu a rufe yake ga masunta har sai lokacin bikin kamun kifi, kuma wannan rufewar ce ke sa a fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Bikin da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, ginshiƙinsa shi ne maganar Sarkin Ruwa da biyayyar Sarkawa. A addini ma akwai asali: Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Hurumi ke nan. Abin da za ku yi shi ne ku faɗaɗa wannan tsohuwar al'ada ta haɗa da tsuntsu da itace da dabba.

Mataki na farko: ku san wurin da baƙinsa kafin ku yi magana

Kada ku zaɓi wuri da kallo ɗaya. Ku taka shi sau uku: a tsakiyar damina lokacin da ruwa ya kai iyakarsa, a watan Disamba ko Janairu, sannan a ƙarshen Afrilu lokacin da rana ta gama gasa ƙasa. Inda ya rage da ruwa ko danshi a Afrilu shi ne zuciyar wurin. Tafkin da ya fi dacewa shi ne mai baki shimfiɗaɗɗe, inda ruwa ke janyewa a hankali yana barin laka, domin yawancin tsuntsayen ruwa a ruwan da bai wuce idon sawu zuwa gwiwa ba suke kiwo. Kududdufi mai zurfi da gaɓa a tsaye, irin ramin da masu aikin hanya ke bari, ba ya tara su sosai. Ku duba ko akwai bado da burgu a ruwan, da giyayya ko bagaruwa ko kanya a gefe. In kun ga itacen da kashin tsuntsu ya faranta ƙarƙashinsa, nan ne makwancin belbela da jinjimi, kuma lallai ya shiga cikin iyaka.

Tsuntsayen wurin iri uku ne, kuma sanin lokacinsu shi zai gaya muku lokacin da za a rufe wuri. Akwai masu zuwa daga Turai da yammacin Asiya: ƙananan agwagin ruwa, da 'yan dogayen ƙafa masu tsattsagar laka, da tsattsewa. Suna isowa daga Satumba zuwa Nuwamba, su koma a Maris da Afrilu, bayan sun ratsa Sahara mai faɗin fiye da kilomita 1,500. Tsattsewa nauyinta wajen giram 20 ne, amma da wannan jikin take yin tafiyar sau biyu a shekara. Turawa da kansu sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa da sanyi ba, sai a 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka a soke a wuyanta, har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Akwai kuma masu yawo a cikin Afirka, kamar shamuwarmu da ke zuwa da kan damina ta yi sheƙa a tsamiyar gari, ta koma kudu idan ruwa ya ɗauke. Na uku su ne 'yan gida, dinya da kirinjijiya da gauraka, waɗanda ke ƙwai a cikin ciyawar fadama da damina. Kun ga ke nan hurumi na da lokacin tsanani biyu: damina saboda masu ƙwai, da kuma Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da baƙin Turai ke tara kitsen komawa ruwa kuma ya yi ƙaranci. Tsuntsun da ake ta kora a waɗannan makonni zai tashi da rama, kuma hamada ba ta yafe wa ramamme.

Magana ɗaya a kan tsaro. Manyan dazuka irin Kuyambana ta Zamfara, wadda gwamnati ta keɓe don namun daji, yau ba wurin shigar farar hula ba ne. Ku zaɓi wurin da ake hango gari daga cikinsa, wanda mutum zai je ya dawo tsakanin la'asar da magariba. Hekta biyar da ake iya tsarewa ta fi ɗari biyar da ba mai iya takawa.

Mataki na biyu: masu wurin

A nan hurumi ke tsayawa ko ya faɗi, don haka kada ku yi gaggawa ko da zai ci wata shida. Babu tafkin da ba shi da masu shi. Akwai gidan da ke da gadon ruwan, akwai masu gonakin gefe, akwai makiyayan da ke shayarwa, akwai maharba, akwai matan da ke cirar bado da itacen girki da kaba, akwai masu yankan jema da masu ɗibar laka don tubali.

Ku fara da mai unguwa da dagaci, su kai ku wurin hakimi. Amma kafin a kira taron kowa da kowa, ku bi mutane gida-gida: Sarkin Ruwa, Sarkin Noma, Arɗo, Sarkin Baka, liman. Babba ba ya son ya fara jin magana a bainar jama'a. Kuma ku je da tambaya, kada ku je da takarda. In kun zauna gaban Sarkin Ruwa, abin da za ku ce shi ne: "Baba, a zamanin mahaifinka wane wata ake rufe wannan ruwa, kuma wa ke buɗe shi?" Za ku sha mamakin yawan dokokin da dama akwai su, an dai daina bi ne. Farfaɗo da tsohuwar doka ya fi ƙirƙiro sabuwa sauƙi nesa ba kusa ba.

Na taɓa zama a wani taro irin wannan da muka yi kuskuren da har yau yake damuna. An gama magana, an yi addu'a, an kafa turaku, ba a kira makiyaya ba saboda lokacin sun tafi mashekari. Da suka dawo suka tarar an toshe hanyar da kakanninsu ke bi zuwa ruwa, cikin mako guda turakun suka zama itacen wuta, kuma laifin namu ne. Saboda haka nake cewa mashaya da burtali ba abin tattaunawa ba ne, a bar su a buɗe tun a zanen farko. Shanu ma ba abokan gabar fadama ba ne in an tsara shigarsu. Kiwo daidai gwargwado na rage ciyawa ya buɗe wa tsuntsaye bakin ruwa. Abin da ke ɓarna shi ne garke ya tattake wurin ƙwai da damina, ko ya dagula ɗan ruwan da ya rage a bazara ta kowane gefe.

Manoman shinkafa za su yi muku tambaya mai nauyi, kuma suna da gaskiya: "Ku da kuke son tara tsuntsaye, wa zai biya mu in jan-baki ya sauka?" Kada ku yi musu ƙarya. Jan-baki bala'i ne a Kebbi, yana iya gama gona cikin kwanaki, kuma yana son kwana a cikin kachala mai duhu da sarƙaƙiyar ƙaya. Agwagin ruwa ma sukan taɓa shinkafa, musamman iri da aka watsa a ruwa. Abin da za ku nuna musu shi ne hurumin da ake kula da shi ba ya barin kachala ta yi duhu, kuma masu gadinsa su ne za su fara ganin makwancin jan-baki su kai rahoto ga malaman gona. Sannan belbela da shamuwa suna cin fara da tsutsa, shaho da shirwa da mujiya kuma na rage ɓera. Ku rubuta a yarjejeniya cewa kowane manomi na da damar korar tsuntsu daga gonarsa da gwangwani da majajjawa da mutum-mutumi. Abin da aka hana shi ne guba da raga.

Mata a ji ta bakinsu daban, ta hannun wata dattijuwa da suka yarda da ita, domin ba za su yi magana a ƙofar fada ba, alhali su suka fi kowa sanin inda bado ke fitowa da inda ya daina. Liman kuma a roƙe shi ya yi huɗuba guda a kan aya ta 38 ta Suratul An'am, wadda ke cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye masu tashi da fukafukai al'ummomi ne kamar mu.

Mataki na uku: iyaka da dokoki

Ku raba wurin gida biyu. Ciki, wato zuciyar ruwan da kurmin da tsuntsaye ke kwana, ba su sai a ranar buɗe ruwa, ba harbi, ba sara, ba noma. Kewaye kuma zobe ne da ake amfani da shi bisa ƙa'ida: kamun kifi da ƙugiya da birgi, yankan ciyawa bayan kaka, cirar bado, tsintar busasshen itace. In da hali a bar aƙalla taku hamsin tsakanin gona ta ƙarshe da bakin ruwan rani, ciyawa ta tsaya a wurin tana tace taki da maganin feshi kafin su gangara.

A zagaya iyakar da ƙafa a rana ɗaya, da wakilin kowane ɓangare. Turken itace ambaliya za ta kwashe shi, gara za ta ci saura, don haka a kafa na siminti a kusurwoyi, a shafa wa manyan itatuwan kan iyaka fenti. Wani matashi mai waya ya ɗauki lambobin taswira na kowane turke ya rubuta a littafi. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo da mita 100 faɗi, da wannan za ku ƙiyasta girman wurin.

Dokoki kada su wuce abin da mutum zai haddace. A ganina waɗannan sun isa: ba zuba Gamalin ko wata guba a ruwa, ba kamun kifi da gidan sauro ko ragar da idonta bai kai yatsa uku ba, ba wanke tankin feshi a tafki, ba ɗibar ƙwai ko 'ya'yan tsuntsu, ba cinna wuta, ba sare ɗanyen itace, ba sa injin ban-ruwa a zuciyar tafki daga watan da aka amince. Ina ƙara jaddada maganar gauraka. Kama 'ya'yanta ana sayar wa masu ajiyewa a gida don ado na cikin abin da ya kusa ƙarar da ita a Arewa, har yaranmu da yawa ba su taɓa ganin ta a daji ba. In Allah ya sa akwai ma'aurata biyu a fadamarku, su kaɗai sun isa dalilin yin hurumi.

A rubuta dokokin da boko da ajami, kowane shugaba ya sa hannu ko ya dangwala, a yi shela a kasuwa da masallacin Juma'a. A fayyace tara, a fayyace wanda zai riƙe kuɗin, kuma kada ya zama mutum ɗaya. Karo na farko gargaɗi a gaban dagaci, na biyu ƙwace kayan aiki, na uku tara. Ranar da ɗan babban gida ya karya doka ita ce ranar da gari zai gane ko da gaske ake.

Mataki na huɗu: takardar hukuma

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuma ke ba da izinin filayen karkara. Ku kai yarjejeniyarku da zanen wurin ga hakimi ya tura masarauta, ku kai kwafi sashen gona da gandun daji na ƙaramar hukuma, da ma'aikatar muhalli a Birnin Kebbi ko Gusau. Ku nemi a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Amfanin wannan zai fito ranar da wani ya zo da takarda yana cewa an ba shi fadamar. Jihar Kebbi na da wurin da duniya ta sani: tsibiran Foge da ke tafkin Kainji, tsakanin Kebbi da Neja, sun shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2008, yarjejeniyar da aka ƙulla a Iran a 1971. Ambaton wannan a wasiƙarku na nuna wa jami'i cewa abin da kuke nema yana cikin alkawarin da Najeriya ta riga ta ɗauka.

Mataki na biyar: aikin hannu

Ruwa ne komai. Tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978, da ta Goronyo bayanta, ambaliyar da ke cika tafkunan fadamar Rima ta sauya lokaci da yawa, kuma wannan ba ya hannunku. Abin da ke hannunku shi ne mashigar da ruwan gulbi ke bi ya shigo tafki. A yi gayya a watan Mayu a yashe ta, a cire yashi da shara. In ruwan na saurin komawa gulbi bayan damina, ɗan bango na ƙasa da buhunan yashi a mafita, wanda bai wuce gwiwa ba, zai iya ƙara muku makonni. Kada a yi shi da tsawo. Tafkin fadama na bukatar ya ja baya ya bar laka, kuma ruwan da ke tsaye shekara duka kachala yake kira.

Mutanen Hadeja da Nguru sun ga abin da kachala ke yi: ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Ƙona ta ba ya kashe ta, saiwar na ƙasa tana jira. Abin da ke aiki shi ne a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya ƙasa da saman ruwan, yadda kututturen zai nutse ya kasa shan iska, a maimaita sau biyu ko uku in ta toho. A fitar da abin da aka yanka waje. A bar ɗan gungu a gefe ɗaya don masu ɓuya a ciki, amma kada ta wuce wurin da aka yi mata.

Da an gama girbi, a Nuwamba, a share layi mai faɗin taku goma kewaye da kurmin saboda gobarar daji. Dashen itace kuma a yi shi da irin wurin: giyayya da bagaruwa inda ruwa ke kwanciya, kanya da tsamiya da giginya a tudu-tudu. Irin bagaruwa a zuba masa ruwan zafi ya kwana a ciki kafin a shuka. Kada a dasa turare a bakin tafki, shan ruwansa ya yi yawa. Sau da yawa ma ba sai an dasa ba, in aka kare kututturen da ke tohowa daga awaki da gatari shekara uku, kurmi zai tashi da kansa. Busasshen itacen da ke tsaye a bar wasu, cilakowa da mujiya a kogonsu suke ƙwai. Da kurmi ya yi duhu za ku fara ganin sawun zomo da gada da guza, zabin daji kuma su dawo.

Masu gadi a ɗauke su daga cikin maharba da masunta. Sun fi kowa sanin sawu da lokacin da ɓarawon ruwa ke fita, kuma mutumin da aka ba amana a gaban Sarkin Baka ya fi wanda aka mayar abin zargi amfani.

Mataki na shida: ƙirga da rubutawa

A tsakiyar Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa, aikin da ake yi tun 1967. Ku ma ku yi taku a lokacin, sannan sau ɗaya kowane wata in kun iya. A fita da hantsi bai yi ba, rana a bayanku, a tsaya wuri ɗaya kullum, da tufafi marasa haske. Ƙaramin garke a ƙirga ɗaya-ɗaya. Babba kuma a ƙirga goma, a riƙe girman gungun a ido, a auna sauran da shi. Mutum biyu su ƙirga daban su kwatanta. A rubuta kwanan wata, inda ruwa ya kai a jikin wani turke, sunan tsuntsu da Hausa, da adadi. Wanda ba ku san sunansa ba ku ɗauki hotonsa. Madubin hangen nesa guda ɗaya ya ishi gari. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF, suna aiki da masu sa kai a wannan fanni, kuma littafin shekara biyu da aka cika da gaskiya ya fi kowace doguwar wasiƙa buɗe ƙofarsu. In an tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, a kwafe duk abin da ke rubuce a jiki, domin lambar na nuna ƙasar da aka sa masa.

In kuka ga tsuntsaye sun mutu da yawa lokaci guda, kada kowa ya taɓa da hannu, kada a ci, kada a kai gida. Ko guba ce ko murar tsuntsaye, wadda ta fara bayyana a Najeriya a 2006, a kira likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, a kuma tsare kaji da agwagin gida daga zuwa tafkin. Inda akwai kada ko dorina, kamar wajen Yawuri, a ware wa mata da yara mashigi guda da aka kafe da itace, kuma kada kowa ya shiga tsakanin dorina da ruwa.

Mataki na bakwai: ranar buɗe ruwa

Hurumin da ba ya ciyar da kowa ba zai daɗe ba. Kifin da ya tsira a zuciyar tafki shi ke hayayyafa ya bazu cikin fadama da ambaliya, masunta za su ga haka a komarsu, amma suna bukatar ranar da za su gani da ido. Ku tsayar da rana ɗaya ko biyu a shekara ta su na gayya a zoben waje da wani yanki na tafkin, a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, bayan baƙin Turai sun tashi kuma kafin 'yan gida su fara ƙwai. Sarkin Ruwa ne zai buɗe, da homa da gora kawai, ba taru. Kashi ɗaya bisa uku na ruwan, wurin da ya fi zurfi, a bar shi ko a ranar ba a shiga, a kafa masa tutoci tun daren jiya. Daga abin da aka kama a fitar da kason masu gadi da na asusun hurumi kafin kowa ya tafi gida, a faɗi adadin da babbar murya a bakin ruwa, magatakarda ya rubuta a littafin da ake ƙirgar tsuntsaye.